Fizibil ɗin da Na Bari a Ƙarƙashin Kujerar Yayana

Shekarun baya can, tun salula ba ta shigo garin nan ba, ina da 'yar rumfata a bakin wani garaji a unguwar Kelemat ta Injamena inda nake gyaran wutar mota. Ba zan ɓoye muku ba, hannuna yana da kyau a lokacin, amma bakina ya fi hannun nawa aiki. Shekaruna ashirin da 'yan kai aka fara ce mini usta, wato gwanin sana'a, ni kuwa na ɗauki sunan da gaske har tafiyata ta canza. In mota ta ƙi tashi aka turo ta wurina, sai na zagaya ta sau biyu da hannu a baya kafin in taɓa komai, don masu ita su san ba wurin ɗan koyo suka zo ba.

Yayana direba ne. Shi ya riƙe gidanmu na unguwar Sabangali tun rasuwar mahaifinmu, da wata tsohuwar motar daji, kat-kat, mai buɗaɗɗen baya da yake ɗaukar kaya da fasinja zuwa Faya, can arewa cikin hamada, ya dawo da dabino da kanwa. Wanda bai taɓa bin hanyar nan ba da wuya ya gane. Kwaltar 'yar kaɗan ce, daga nan sai gargada da rairayi, kwana uku ko huɗu in an yi sa'a, kuma akwai inda za ka wuni ba ka ga ɗan Adam ba. Man da motar za ta sha yana baya cikin ganguna, kaya a kansu, fasinja a kan kayan. In ya tafi, mahaifiyata ba ta ƙara jin ɗuriyarsa sai ranar da ta ji hon a ƙofar gida. Takan ce ba komai, Allah na nan, amma mu da ke gidan mun san abincinta yana kwana a kwano.

A shekarun ne direbobin hanyar arewa suka fara sa rediyon magana a motocinsu, wanda mutanenmu na Najeriya ke ce wa oba-oba. Akwai wani tsoho a Kelemat mai ɗakin rediyo, da doguwar eriya a kan rufi da takardar izini manne a bango. Sau biyu yake buɗewa a rana, ƙarfe bakwai na safe da kuma bayan la'asar. Direbobi su kira daga daji su faɗi inda suke, 'yan kasuwa su tambayi kayansu, iyalai su aika gaisuwa. Kakan tsohon nan daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa zai tafi Makka, ya iso nan ya yi aure, tafiyar ta tsaya. Shi tsohon Hausarsa irin ta tsofaffi ce, Larabci ya shiga cikinta ko'ina, kuma tun yana saurayi yake aikin rediyo. Abu ɗaya nake so ku riƙe game da rediyon nan, babu sirri a cikinsa. In ka danna ka yi magana, duk mai rediyo daga Injamena har Faya yana jinka, ban da jama'ar da ke zaune a ɗakin.

Wata ranar Alhamis yayana ya zo rumfata da rediyo a cikin kwali, na hannu ne ya samu wurin wani direba da ya bar hanya. Ya ce jibi Asabar zai tashi, kuma tsohon mai rediyo ya ce a kawo masa motar ya duba yadda za a haɗa. Na ji kamar ya mare ni.

"Yaya, ina raye za ka kai wa wani aikin waya? Me mutanen garajin nan za su ce?"

Ya yi dariya ya ajiye mini kwalin. "To usta, ga shi nan. Ni dai Inna ta ji muryata daga hanya, shi ke nan buƙatata."

Rediyon ya zo da guntuwar wayarsa, ja da baƙa, tsawonta bai wuce kamu biyu ba. A jikin jar akwai fizibil cikin ɗan gidansa, wato abin da 'yan Najeriya ke kira fiyus, wanda ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. Na ɗaure rediyon tsakanin kujerun gaba. Na san irin wannan rediyo yana jan wuta sosai in ana magana, don haka ban yarda na ɗauko masa wuta daga wurin kunna taba ko daga wayar makulli ba, kamar yadda ragwayen masu gyara ke yi. Kai tsaye daga batir na ce zan ɗauko. Na je kasuwa na sayo waya mai kauri, sabuwa fil, na ƙara a kan guntuwar har ta isa. Na huda ƙarfen da ya raba injin da ɗakin direba, na zura jar wayar ta ramin, na naɗa mata baƙin salatif zagaye biyu a daidai wurin, na ɗaure ta a kan batir. Fizibil kuwa na bar shi inda na same shi, can ƙarƙashin kujera kusa da rediyon. A tunanina nan ne wurinsa, tunda rediyon yake gadi. Muka gwada, murya ta fita tar, na goge hannu ina kallon mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Asabar bayan sallar asuba suka tashi, mota cike, mutum goma sha wani abu a kan kaya, har da mata biyu da goyo. Ƙarfe bakwai na yi ina ɗakin rediyo. Gaskiya ba don jin lafiyar yayana na je ba, na je ne a yaba mini. Ya kira daga wajen Masaget, muryarsa kamar yana bayan ƙofa, ya ce komai lafiya, sai bayan la'asar kuma. Daga nan ya kashe rediyonsa, don haka direbobi ke yi tsakanin lokutan kira.

Da mutane suka watse, tsohon ya zuba mini shayi a ɗan kofi ya ce aikin ya yi kyau, murya ba ta rawa, alamar wayar mai kauri ce. Na gyara zama na fara ba shi labarin yadda na yi, har da abin da bai tambaya ba. Yana ji yana gyaɗa kai. Can ya ce, "Fizibil fa, ɗana, a ina ka sa shi?"

"Yana ƙarƙashin kujera, Baba, dab da rediyon."

"Daga batir zuwa kujera kuma?"

"Waya ce kawai, sabuwa."

Ya ajiye kofinsa. Ya tashi ya yafito ni zuwa bayan teburinsa, inda batir ɗin nasa rediyon yake a ƙasa. Ya ɗora babban yatsa a kan batir ɗin ya buɗe tafin hannu, ɗan yatsansa na tsakiya ya sauka daidai kan fizibil. Taƙi ɗaya.

"Asma, ɗana," ya ce, wato in saurara. "Fizibil ba rediyo yake gadi ba, waya yake gadi. Duk wayar da ke tsakanin batir da fizibil ba ta da mai tsaronta. In rigarta ta yanke ta taɓa ƙarfen mota, babu abin da zai tsinke. Batir zai juye duk wutar da ke cikinsa a kanta, ta yi ja kamar ƙarfe a maƙera, ta kama duk abin da ke kusa. Ko rediyon a kashe yake, ko makulli yana aljihun direba, wutar na nan cikin wayar. Shi ya sa ake matso da fizibil kusa da batir, don abin da ba shi da mai tsaro ya zama ɗan guntu. A ina ta shiga ɗakin direba?"

Na ce na huda rami.

"Ka sa wa ramin roba?"

Na ce na naɗa salatif.

"Gargadar hanyar Musoro tana kwance noti, ɗana, balle salatif. Na taɓa ganin ragowar wata mota a hanyar Abeshe da irin wannan haɗin ya ci. Ban ga abin da za a iya ɗauka a cikinta ba."

Na so in yi gardama, don gardama sana'ata ce ta biyu, amma na rasa ta inda zan fara. Na tuna bakin ramin da na huda, ko goge shi ban yi ba, yana da kaifi. Na tuna gangunan mai a bayan kujerar. Na tambaye shi ko za a iya kiran yayana yanzu, ya ce rediyonsa a kashe yake, sai la'asar. Ya ce in zo da wuri, ni zan gaya masa, tunda ni na san inda na bi da wayar.

Wunin ranar ban yi aikin kirki ba. An kawo mini wata tasi mai matsalar fitila, na kwance na ɗaure sau uku ban gane komai ba, na ce wa mai ita ya dawo gobe. Zuciyata kuwa ta zama lauya. Ta ce wayar sabuwa ce, rigarta mai kauri. Ta ce motoci nawa ke yawo a ƙasar nan da haɗin da ya fi nawa muni, kuma ba su ƙone ba. Ta ce tsofaffi sun iya tsorata mutum. Ta ce in ya dawo sai in gyara a ɓoye, babu wanda zai sani. Duk da haka da la'asar ta yi na tafi da niyyar in faɗa, Allah shi ne shaidata a kan wannan.

Na tarar da ɗakin cike. Cikin mutanen har da masu motoci uku da ke kawo mini aiki, waɗanda da su nake taƙama a garaji. Aka yi ta kira ana amsawa, har aka zo kan yayana. Ya ce sun iso Musoro lafiya, nan za su kwana, gobe da sassafe su shiga daji. Sai ya ƙara da cewa, "Baba, ƙanena na kusa? Ku gaya wa jama'a, duk mai son aikin waya na gaskiya ya nemi ƙanena a Kelemat. Rediyon nan ko tari bai yi ba. A vu." Da wannan kalmar ake rufe magana a ba wa ɗaya dama.

Ɗakin ya juyo gaba ɗaya ana murmushi, wani ya dafa kafaɗata. Tsohon ya miƙo mini abin magana. Na karɓa, na danna, na buɗe baki.

"Yaya, afe, lafiya dai? Ya hanya? Inna tana gaishe ka. A vu."

Abin da na ce ke nan. Ya amsa gaisuwar, ya ce in gaishe ta, na mayar wa tsohon abin maganarsa ban kalli fuskarsa ba. Shi kuwa ya danna ya ce, da murya kamar ba komai, "Ɗana, ka ji shawarar tsoho. Tunda kun tsaya, ka cire kan batir yanzu, baƙin, sai da safe ka mayar. Kuma gobe kar ka tayar da mota sai ka kira ni, akwai saƙo. A vu." Yayana ya ce to, bai tambayi dalili ba, don babu direban da ke musu da tsohon nan.

Na tsaya har kowa ya fita, ban san abin da nake jira ba. Tsohon yana naɗe tabarma ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Yau na rufa maka asiri, na kuma tsare motar. Gobe ba zan iya yin duka biyun ba. Ko ka faɗa ko in faɗa, amma daga bakinka ya fi, don ni ban san ramin ba."

Na koma Sabangali na ce wa mahaifiyata yayana ya isa Musoro, yana gaishe ta. Fuskarta ta washe, ta sa mini albarka, ta ce ashe wahalar da aka sha a kaina ba ta tafi a banza ba. Ta ƙara mini nama a miya. Sannan ta ce gobe da ita za a je, tana so ta ji da kunnenta. Na ce wurin maza ne, akwai cunkoso, akwai nisa. Ta ce ƙafarta ce za ta yi tafiyar, ba tawa ba.

Haka muka isa Kelemat ranar Lahadi kafin bakwai, tana cikin lafayarta ta zuwa biki. Maza suka matsa, aka shimfiɗa mata tabarma kusa da ƙofa, tsohon ya gaishe ta da girmamawa. Masu motocin nan uku suna nan, har an samu ƙari. Tsohon bai bi layi ba ranar, ya fara da kiran yayana. Yayana ya amsa nan take, ya ce ya mayar da kan batir, fasinja sun hau, shi kaɗai ake jira. Tsohon ya miƙo mini abin magana ya koma ya zauna.

Na karɓa, na danna.

"Yaya, ni ne. Kar ka tayar da mota. Haɗin da na yi maka ba daidai ba ne. Na bar fizibil a ƙarƙashin kujera maimakon kusa da batir, kuma ramin da wayar ta bi babu roba. In ta yanke ta taɓa ƙarfe motar za ta kama wuta. Kuskurena ne. A vu."

Can wani direba da ban san ko daga ina yake ba ya shigo da Larabci yana tambaya ko wannan ne ustan da aka yi wa talla jiya, wani kuma ya danna don kawai a ji dariyarsa. Ban juya na kalli inda mahaifiyata take ba.

Sai muryar yayana ta fito, a natse. "Na ji ka. Faɗa mini abin da zan yi, ɗaya bayan ɗaya, kar ka yi sauri. A vu."

Na ce ya sauke mutane su matsa nesa. Ya cire baƙin kan batir tukuna kafin ya taɓa ja, don in sifana ta goga jikin mota kar ta yi tartsatsi. Ya yanko fizibil da gidansa daga ƙarƙashin kujera, ya haɗe wayar wurin ya murɗa da kyau ya naɗe. Ya kawo fizibil ɗin kusa da batir, taƙi ɗaya, ya sa a jikin jar wayar. Sannan ya zaro wayar daga ramin ya duba ta, ya nemi roba ya sa wa ramin kafin ya mayar. Direban nan da ya yi mini dariya shi ne ya sake shigowa ya ce a yanko guntun tiyon zuƙo mai, a zura wayar ciki, ya fi robar taya riƙewa. Na ce gaskiya ya faɗa. Tsohon ya gyaɗa kai.

"Kalas, na gane," in ji yayana. "Zan cire batir yanzu, ba za ku ji ni ba. Ku ba ni rabin awa."

Daga nan aka ci gaba da sauran kira. Mai tambayar buhunan sukari ya tambaya, mai aika gaisuwa ya aika. Rabin awa ta wuce. Awa ɗaya ta wuce, lokacin rufe rediyo ya yi, tsohon bai rufe ba, ya dai rage ƙarar ya ɗora sabon shayi. Mutanen da suka gama abin da ya kawo su ma ba su tafi ba, sai suka koma hira ƙasa-ƙasa a kan farashin dabino. Ni ina tsaye jikin bango ina maimaita abin da na faɗa, ko na ce baƙi tukuna, ko na ce ja. Na san na ce baƙi, amma sai na sake tambayar kaina. Mahaifiyata kuwa tana kan tabarmarta. An miƙa mata shayi ta karɓa ta ajiye a gefe, carbinta yana tafiya a hankali.

Wajen awa biyu sannan rediyon ya yi ƙara.

"Kelemat, Kelemat, kuna ji na? A vu."

Wani a ɗakin ya ce alhamdu lillahi, wasu suka amsa. Tsohon ya ce muna ji. Yayana ya ce a yi haƙuri da daɗewa, wayar ce sai da ya yanke wurin da ya lalace, ta gaza, ya shiga gari neman ƙari wurin wani mai gyara. Ya ce, "Ƙanena, salatif ɗin ya cinye, rigar wayar ta yanke ta gefe ɗaya, jan ƙarfen yana waje. Bakin ramin ya yi baƙi, alamar ta fara taɓawa tun jiya. Yanzu na sa tiyo, fizibil yana kusa da batir. Na nuna wa mai gyaran nan ya ce ya yi. A vu."

Na ce to, Allah ya tsare. Na miƙa wa tsohon abin magana.

Yayana ya tambaya ko Inna na nan. Tsohon ya ja wayar abin magana har inda take, ya danna mata da kansa. Tun a hanya take lissafa mini abubuwan da za ta gaya masa, ya gaishe da wance a Faya, ya zaɓo dabino mai laushi, kar ya sha ruwan rijiyar kaza. Duk ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ta ce, "Ina jin ka, ɗana. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya." Ta saki.

A hanyar komawa gida tana gaba ina baya, rana ta fara zafi. Mun yi nisa har mun fara jin iskar kogi. Sai ta tsaya a inuwar wata bishiya tana gyara lafayarta, ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun jiya da safe.

"Jiya da yamma ka yi magana da shi?"

"Na yi, Inna."

"Ka dawo ka ce mini yana gaishe ni."

Ta dube ni na ɗan lokaci, ba da fushi ba, kamar dai tana neman wani abu a fuskata. Sannan ta ci gaba da tafiya, na bi ta. Da rana ta zuba mini abinci kamar kullum.

Labari kuwa ya riga ni isa garaji. Watanni aka yi in na wuce sai in ji wani ya ce, usta, yau a ina aka sa fizibil. Ɗaya daga cikin masu motocin nan uku ya ɗauke aikinsa ya kai wani wuri, ban ga laifinsa ba. Na daina zagaya mota da hannu a baya, don babu wanda zai kalla bai yi dariya ba. Bayan mako biyu da tafiyarsa yayana ya dawo. Ko gida bai je ba, da kayan dabinonsa ya tsaya a gaban rumfata da tsakar rana, lokacin da garajin ke cike. Ya buɗe kapo, murfin injin, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, haɗin daji ne ya yi, in gyara masa shi yadda ya kamata. Na canza wayar gaba ɗaya daga batir har rediyo, na goge bakin ramin na sa masa roba, na ɗaure wayar nesa da zafin injin da duk abin da ke motsi. Da na gama na roƙi tsohon ya zo ya duba, ya zo, ya auna da tafin hannunsa ya ce seme, ya yi. Daga baya rediyon motoci da yawa sun bi ta hannuna, kuma babu wanda na sake ba tare da wani ya duba bayana ba.

Yanzu kowa da waya a aljihu, ɗakin rediyon nan ma an mai da shi shagon kayan sanyi, tsohon ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Masu sa rediyo a mota dai suna nan, kuma in ɗayanku zai sa, abin bai canza ba. A ɗauko wuta daga batir da waya mai kauri, fizibil dab da batir, roba a duk ramin da waya ta bi, kuma a cire baƙin kan batir kafin a fara aiki. Kar ka ji kunyar kiran wanda ya fi ka sani ya duba.

Kuskuren wayar na daɗe da yafe wa kaina, rashin sani ne, kuma duk mai sana'a yana da irinsa. Yayana ma in ya tuna dariya yake yi, yana ba jikokinsa labari. Wanda ya ƙi barina shi ne yammacin nan na Asabar. Na san abin da ke cikin motar, na san mutanen da ke zaune a kan gangunan mai, abin magana yana hannuna, na zaɓi sunana na ce masa Inna tana gaishe shi. Da tsohon bai yi dabara ba, ban san abin da zan ba ku labari yau ba. Mahaifiyata ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan wannan, ba ta ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan zauna in nemi gafararta a kai, har ranar da muka kai ta makwancinta ban samu bakin yi ba.